Kuɗin Baba a Ƙetaren Gulbi

Da la'asar na ji labarin. Ina zaune bakin ƙofar ɗaki ina tsince tsakuwa daga shinkafa, Inna tana kwance bisa tabarma a inuwar dogonyaro, rediyon da Baba ya bari yana jingine da randa yana ta magana ba mai sauraro. Mai labarai ya ce a ƙasar Suwis an tasa bankuna gaba kan dukiyar Yahudawa. Mutane ne da suka ga yaƙi ya tunkaro su, suka kai abin da suka mallaka ajiya ƙasar da ba ta cikin yaƙin, daga baya aka kwashe su cikin jiragen ƙasa aka je aka kashe su. Da 'ya'yansu da suka tsira suka je neman ajiyar, sai aka ce su kawo takardar shaidar mutuwar iyayen. Waɗanda suka kashe su kuwa ba su ba kowa takarda ba. An haura shekara hamsin, sai yanzu ake maganar a mayar musu da abinsu.

Na aje faifan shinkafar a ƙasa.

Inna ta buɗe ido ta ce, "Su wa aka cinye ma kuɗɗi?"

"Yahudawa, Inna. Can Turai."

"Su ma takarda aka ce su kawo?"

"Ita aka ce."

Ta mayar da ido ta rufe. Can ta ce, "Allah sarki. Ashe ko'ina banki halinshi guda."

Baffa, ƙanen Baba, yana tsugune gefe yana alwala. Ya yarfe ruwan hannunsa ya dube ni. "Shekara hamsin suka jira? To ɗiyata, sai ki fara tanadin sandar dogarawa." Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a bakinsa da idonsa ya faɗa kan tabarmar Inna.

Baba ɗan kasuwar albasa ne. A ƙetaren gulbi aka haife shi, cikin Nijar, ya shigo garinmu Malanville yana saurayi da ɗaukar kaya a kasuwa, ya auri Inna daga Garu, ya zauna. Ni kaɗai ce ɗiyar da ta rayu a cikin waɗanda suka haifa. A ƙarshen mulkin soja, lokacin da bankunan ƙasarmu suka ƙafe, ɗan abin da ya tara ya tafi tare da su. Ina tuna shi zaune a zaure ya tasa buhunan wofi gaba. Da aka koma jefa ƙuri'a aka buɗe sababbin bankuna, ya ce shi kam ya gama da na wannan gaɓa. Duk ƙarshen kakar albasa sai ya hau gada ya kai ribarsa wani banki a Gaya, ɓangaren Nijar. Bai iya rubutun boko ba, babban yatsansa yake dangwalawa. Yakan dawo da shuɗin tawada a yatsan, ya miƙo mini shi in shinshina, ya ce wannan shi ne lakkol ɗin da ya yi, iyakar makarantar bokonsa ke nan.

Shi da kansa yana bin gada, amma kayansa ba kullum suke bi ba. Duk ɗan kasuwar garinmu ya san hanyar: a sauke buhuna can ƙasa da gada, inda 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ba sa gani, sarkawa, masuntan gulbi, su ƙetaro da su cikin jirgin ruwa. Ba wanda yake kiran wannan sata, sana'a ce kamar kowace. A damina ta ƙarshe, lokacin jan ruwa, sa'ad da gulbi ke tumbatsa da ruwan laka, Baba ya ce zai bi kayansa don buhunan sun yi yawa. Jirgin ya kife a tsakiya. Matuƙin ya fita da iyo. Baba, da ya yi rayuwarsa duka yana jin ƙamshin gulbi, bai taɓa koyon iyo ba.

Sarkawan wata tunga kusa da Garu suka same shi bayan 'yan kwanaki, ruwa ya aje shi bisa wani tsibirin yashi. Al'adarsu, wanda ruwa ya ci ba a ɗauko shi zuwa gida. Inda gulbi ya sauke shi nan ake rufe shi, kafin rana ta faɗi. Wani tsohon Basarke ya yi masa wanka, Baffa da mutanen tungar suka yi masa salla. Mu mata ba mu ga komai ba. Baffa ya dawo da yashi a ƙafafunsa, na tsaya ina kallon yashin yana zuba a tsakar gida, na rasa ko in share ko in bari.

Da jandarma, 'yan sandan ƙasarmu, suka ji ƙishin-ƙishin jirgi ya kife, suka bi unguwa suna tambaya. Baffa ya tare su a zaure ya ce yayansa ya tafi Nijar sayen albasa. Maƙwabta suka ce haka ne. Mutanen bakin gulbi suka ce su ba su ga jirgin da ya kife ba. Aka rubuta, suka tafi. An yi zaman makoki a cikin gida da ƙaramar murya, Inna ta yi takabarta. Kowa ya ce an yi dabara: ba a kama kowa ba, ba a tono gawa a tsaga ta ba, mamaci ya samu sutura. Ni ma a lokacin haka na gani.

Ciwon Inna ya bayyana bayan ta fita takaba. Jini ya riƙa zubar mata ba tsayawa, cikinta ya taso kamar mai juna biyu, tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki a Paraku, kuma kada a daɗe. Ya faɗi abin da za a kashe, da kuɗin jini da na mota da na zama. Muka sayar da babur ɗin Baba, da 'yan kunnen Inna na aure, da akuyoyi. Na bar lakkol ana saura kaɗan in yi jarrabawar ƙarshe. Duk abin da muka haɗa bai kai rabi ba. Abin da ke Gaya kuwa ya isa har da saura, na sani, don ni nake karanta wa Baba ɗan littafinsa na banki.

Na riga na je bankin sau ɗaya kafin ranar rediyon, an ce mini in kawo takardar mutuwa. Na je ofishin magajin gari, aka ce lokacin bayyana mutuwa ya wuce, sai dai kotu a Kandi ta yi hukunci, kuma sai da shaidun da suka ga gawar da idonsu. Baffa ya gani, amma bakinsa na rubuce a wurin jandarma cewa yayansa yana tafiya. In ya sake magana, shi za a fara riƙewa.

Labarin rediyon ya sa mini wani ƙarfi da ban san daga ina ya zo ba. Mun karanta wannan yaƙin a lakkol, na ga hotunan mutanen a bayan waya, idanuwansu sun faɗa. Na san abin da ya same su ba a haɗa shi da namu. Baba ba wanda ya kashe shi, ruwa ne. Ina jin kunyar jera kaina kusa da su ko a cikin zuciyata. Amma ba ni da wani abin kamawa. Na ce in duniya ta yarda cewa zalunci ne a nemi takarda daga wanda ba shi da hanyar samunta, to wannan magana ta isa ta ƙetara gadarmu.

Washegari na sa fararen kayana na lakkol, na hau kabu-kabu zuwa bakin gada, na taka da ƙafa har na wuce shingen 'yan duwan, na shiga mota zuwa Gaya. A kan gadar ban dubi ruwa ba. Tun rasuwar Baba nake ƙetara ta idona bisa dugadugan wanda ke gabana.

Ma'aikacin da ke bayan taga saurayi ne mai ladabi, rigarsa a goge, fanka tana kaɗa takardun gabansa. Ya gane ni. Na yi masa magana da Faransanci mafi kyau da na iya, na jero masa labarin Suwis kamar ina gaban malami: yadda aka kashe iyayen, yadda aka nemi takarda, yadda yanzu bankunan suka sunkuyar da kai. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Madmazel, ni ma na ji a rediyo," ya ce. "Amma su duniya duka ta san an kashe su. Naki wa ya sani?"

"Unguwarmu duka ta sani."

"To unguwarku ta rubuto."

"Mahaifiyata tana zubar da jini. In ba a yi aikin ba, mutuwa za ta yi."

Ya cire tabaransa ya murza ido. Ya sauke murya, ya koma Hausa. "Ƙanwata, wallahi ba nawa ba ne da zan ba ki. In yana da rai, ya zo ya sa yatsa. In ya rasu, ki kawo takarda. Ban da wata hanya."

"Ya rasu. Takardar ce babu."

"To a wurinmu yana da rai."

Na koma kan bencin jira na zauna. Ya kamata in yi kuka ko in yi faɗa, amma wani abu dabam ya sauko mini. A duk faɗin duniya wannan ɗakin ne kaɗai Baba yake da rai a cikinsa. Sunansa yana cikin wata durowa a bayan waccan katangar, ana jiransa ya shigo ya yi sallama, ya goge yatsa a rigarsa. Na zauna ina kallon ƙofa tare da mutanen bankin. Sai da mai gadi ya fara rufe tagogi na tuna Inna ba ta ci komai ba tun safe.

Da na gaya wa Baffa, ya kwana biyu bai zo gidan ba. Rana ta uku ya shigo ya ce in ɗauko masa babbar rigar Baba da hularsa. Sun yi kama ƙwarai, har tafiyarsu. Ya sa, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara wuyan rigar. Inna ta ɗaga kai ta gan shi, ta juya fuskarta ga bango. Muka tafi tare. Ya yi ta yi mini barkwanci a hanya, wai yau shi ne Alhajin albasa, in riƙa tafiya a bayansa. Da muka kai tsakiyar gada ya tsaya cak, ya ɗaga babban yatsansa yana kallo.

"Ɗiyata, huskata tashi ce, amma yatsan ga nawa ne. In sun gwada, daga can gidan kaso za a wuce da ni, ke kuma ki dawo ke ɗai."

Muka juyo. Ya tuɓe rigar tun a zaure, ya naɗe ta, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Saura mutum guda, tsohon da ya yi wa Baba wanka. Na tafi wurinsa lokacin baƙin ruwa, sa'ad da gulbi ke sake cika bayan damina ta daɗe da wucewa. Kabu-kabu ya sauke ni Garu, na bi kunyoyin shinkafa da ƙafa har tungar. Na same shi yana ɗinkin koma a gindin wata bishiya, hayaƙin bandar kifi ya rufe bukkokin. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ɗiyar wa ce ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya aje komar ya ce in biyo shi.

Ya sa ni cikin ƙaramin jirgi ya tuƙa mu. Ban taɓa shiga jirgi ba tun abin da ya faru. Ruwan ya kwanta lumui, yana ɗauke da sararin sama gaba ɗaya, har na ga kamar bisa gajimare muke tafiya. A wani wuri da ba shi da wata alama ya tsaya, ya soka gorar tuƙinsa ƙasa har ta kusa nutsewa.

"Nan ne, jikata. In ruwa ya janye, yashin kan fito. Wata shekara kuma ba ya fitowa."

Na sa hannu cikin ruwan. Sanyi gare shi. Na yi wa Baba addu'a, sannan na juya na gaya wa tsohon abin da ya kawo ni. Na ce mota ni zan biya, ya zo Kandi ya ce wa alƙali ya ga gawar, ya wanke ta da hannunsa. Kalma biyu kawai.

"Kin san wa yat tuƙa jirgin?" ya ce.

Na ce ban sani ba.

"Ɗana ne. Shi ka ciyar da tungar ga. In na ce na wanke mutum, za a ce daga ina ya fito. In na ce daga jirgi, za a ce jirgin wa, mi yake ɗauke da shi, don mi aka ɓoye." Ya zaro gorar, ruwa yana ɗiga daga jikinta. "Kuma mu, abin da gulbi ya ba mu muka rufe, ba mu kai maganarshi tudu. Haka muka taras."

Na durƙusa a cikin jirgin har ya karkata. Na kama ƙafarsa. Na ce Kaka, uwata ce, ita kaɗai ta rage mini. Na ce ya dubi Allah. Na faɗi abubuwan da ban tuna su yanzu. Bai janye ƙafar ba. Hawaye suna bin tsagar fuskarsa yana tuƙa mu zuwa gaɓa.

Na dawo gida da yamma na ce wa Inna gobe ni da kaina zan je wurin jandarma in faɗi komai, jirgin da matuƙin da tsibirin. In suka kama yaron, dole uban ya yi magana.

Inna ta yunƙura ta tashi zaune, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an tallafe ta. "Yaron nan ya yi ta nutso yana neman babanki har jini ya fito mishi ta hanci. Baffanki ya gaya mini. Shi za ki ɗaure saboda cikina?"

"Inna, mutuwa za ki yi."

"To in mutu in tarad da babanki in ce mishi mi? In ce an buɗe cikina da ɗan mutane?" Ta koma ta kwanta tana haki. "In kin tahi, ban yafe ba."

Na tafi duk da haka. Na kai har ƙofar jandarma, na tsaya kusa da wata mai tuyar doya, ina kallon tuta tana kaɗawa. Mai doyar ta tambaye ni ko wani nawa aka kama. Na ce a'a. Na tsaya har man kaskonta ya huce, sannan na juya gida.

Daga wannan mako, duk ranar kasuwa sai a aiko da kwandon bandar kifi daga tungar, ba saƙo, ba sallama. Inna ba ta iya ci. Nakan kai kasuwa in sayar, in sayo ƙwayoyin ƙarin jini. Sau ɗaya kuɗin ya kai aka ƙara mata jini a asibitin garinmu, ta yi 'yan kwanaki leɓunanta da launi, har ta nemi in yi mata kitso. Ina yi gashin yana biyo yatsuna.

Kullum da la'asar ina kunna rediyon, ko za a sake maganar Yahudawan. Wani lokaci a yi, a ce an kafa masu bincike, a ce za a biya. Na ƙirƙiro wa kaina wata tsohuwa a cikinsu, a wata ƙasa mai sanyi, zaune bisa benci irin na Gaya da jaka a cinyarta. Ta shiga bankin tana budurwa kamar ni. Ina yi mata magana a zuci ina wanke zannuwan Inna. Abin da nake so in tambaye ta, wanda rediyo bai taɓa faɗi ba, shi ne wa ta rasa a cikin shekarun jiran, kuma da aka ce ga kuɗin, me ta saya da su.

Inna ta rasu da hantsi, a asibitin garinmu, kanta bisa cinyata. Ba ta yi wata magana ta ƙarshe ba. Ta nemi ruwa, na juya in ɗauko, shi ke nan.

Kafin in farga Baffa ya samo mota, an aika a haƙa kabari, an gaya wa liman za a yi salla bayan azahar. Na tambayi wata ma'aikaciya wa ke rubuta takardar mutuwa. Ta ce likita ne, kuma ya tafi Gene aikin rigakafi, sai la'asar. Ta ce mu tafi da gawar, a zo a karɓi takardar daga baya, haka kowa ke yi.

Na tashi na rufe ƙofar ɗakin da Inna take, na zauna a ƙasa na jingina bayana da ita.

Baffa ya ce, "Tashi, ɗiyata, a ɗauke ta."

"Sai likita ya gan ta ya rubuta."

"An ce a zo daga baya."

"Ba na tashi."

Matan unguwa suka taru a kaina. Wata ta ce ana jinkirta gawa ne? Wata ta ce lakkol ya cinye mata zuciya, uwarta na kwance tana neman takarda. Ƙanwar Inna da ta zo daga Garu ta kama hannuna tana ja tana kuka, tana cewa ki ji tsoron Allah, zafi ake yi. Na san gaskiya suke faɗi. Na ji kiran azahar ya wuce, na san mutane suna tsaye a rana suna jira. Na manna bayana da ƙofar, ina jin sanyin ƙarfenta ta cikin rigata, ina ce wa Inna a zuci ta yi haƙuri, kaɗan ya rage. Baffa ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce wa matan su ƙyale ni, ya je ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hula.

Likitan ya dawo bayan la'asar, ƙura har gira. Ya shiga ya duba ta, ya rubuta, ya buga hatimi. An rufe Inna rana tana gab da faɗuwa.

Da mutane suka watse na zauna a tsakar gida da takardar a hannuna. 'Yar siririya ce, ana ganin hasken fitila ta cikinta. Inna ba ta taɓa aje ko dala a wani banki ba. Ba ta bar gona ba, ba ta bar gida da sunanta ba, 'yan kunnenta ma mun sayar.

Baffa ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya duk da bai iya karatu ba, ya mayar mini a hankali.

"To, ɗiyata, wa za ki kai ma?"

Na ce ban sani ba.